Allura Cikin Ruwa: Tarihin Gurɓatattun Kayan Allura Daga Nijar Zuwa Mursal

A ranar 30 ga watan Nuwamba na shekarar 2023, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta yi gargaɗi a kan sirinjin roba da ake ƙerawa a ƙasar Sin. Ta ce ƙorafe-ƙorafe sun iso gare ta cewa wasu suna yoyo, wasu suna karyewa a hannun ma'aikaci. A watan Maris na 2024 ta aika da takardun jan kunne ga kamfanoni uku: Jiangsu Shenli mai ƙera kayan, da Medline da Sol-Millennium masu shigo da su. Daga nan aka shiga kwashe miliyoyin sirinji daga asibitocin ƙasar.

Mai karatu zai iya cewa, to mu ina ruwanmu da abin da ya faru a Amurka? Ruwanmu kuwa har tsaki. Sirinji haja ce kamar shinkafa da siminti, masana'antu ƙalilan ne suke ƙera wa duniya. Chadi ba ta da gaɓar teku, kuma kusan duk kayan asibitinta daga waje suke zuwa. Idan kwali ɗaya na irin waɗancan kayan ya ƙetaro gadar Ngeli daga Kusuri, ya shigo Injamena, aka kasa shi a shagunan Mursal da kasuwar Dembe, wa zai bi sawunsa ya dawo da shi? Kafin a amsa wannan tambaya sai an waiwaya, domin yankinmu yana da nasa tarihin da allura, kuma tarihin yana da nauyi.

Yadda ake janye kaya

Kowane kwalin sirinji da kowace kwalbar magani suna ɗauke da wata lamba da ake kira lambar rukuni. Duk kayan da aka yi a zubi ɗaya, da inji ɗaya da kayan haɗi iri ɗaya, lambarsu ɗaya ce. Idan aka samu aibi a guda, akwai yiwuwar 'yan'uwansa ma suna da shi. Janyewa tana tsayuwa ne a kan duwatsun murhu uku: lambar nan, da rajistar da ke nuna wa aka sayar wa kayan, da sanarwar da za ta isa kunnen mai riƙe da su kafin ya yi amfani da su. Dutse ɗaya ya goce, tukunya ta kife.

A Amurka ana kasa janyewa gida uku gwargwadon haɗari, mataki na farko shi ne na kayan da za su iya kisa ko mummunan lahani. A wannan matakin aka saka sirinjin Monoject sama da miliyan 32 da kamfanin Cardinal Health ya janye a 2023. Laifinsu ɗan ƙarami ne a ido: girman jikinsu ya ɗan canza, sai na'urar da ke tura magani a hankali cikin jijiyar majiyyaci ta kasa gane su, ta ba da fiye da kima ko ƙasa da kima. A 2007 kuma, wata masana'anta mai suna AM2PAT a jihar Karolina ta Arewa ta fitar da sirinjin da aka riga aka ɗura wa magani, ashe ƙwayoyin cuta sun shiga ciki. Ɗaruruwa suka kamu, mutum 5 suka mutu, aka ɗaure ma'aikata biyu.

Abin da ya fi wahalar da su shi ne ƙunshin kayan aiki, wato fakitin da ake haɗa sirinji da auduga da safar hannu da sauransu a rufe shi domin tiyata ko karɓar haihuwa. Sunan wanda ya haɗa ƙunshin ne a baya, sirinjin da ke ciki kuwa na wani kamfani ne daban. Shi ya sa Medline ya koma janye ƙunshe-ƙunshen kansu a 2024. Ƙasar da ke da rajistar komai ke nan take wannan fama. Mu kuwa irin wannan ƙunshin ne ke iso mana a matsayin agaji duk lokacin da annoba ko gudun hijira ta taso.

Zamanin sirinjin gilashi

An ƙirƙiro sirinji mai allura a 1853, a hannun likitoci biyu da kowannensu ya yi nasa aikin daban: Alexander Wood a Edinbara da Charles Pravaz a Liyon ta Faransa. Fiye da shekara 100 bayan haka, sirinji abu ne na gilashi da ƙarfe, mai tsada, ana tafasa shi a sake amfani da shi, allurar kuma in ta dakushe a wasa ta. A wannan siffa ya iso ƙasashenmu tare da Turawan mulkin mallaka.

Tsakanin 1917 da 1919, wani likitan sojan Faransa, Eugène Jamot, ya zagaya yankin Ubangi-Shari, maƙwabciyar Chadi ta kudu, yana farautar ciwon barci. Ya duba mutane kusan 90,000, ya samu 5,347 da cutar, ya yi musu allura. Sirinji shida kacal ya yi wannan aiki da su. Tsarin da ya kafa, na tara gari gaba ɗaya a jera mutane a layi a bi su da allura, shi ne ya bazu a Kamaru da kudancin Chadi da Afirka ta Yamma. A Arewacin Najeriya ma Ingilishi sun kafa nasu sashen yaƙi da ciwon barci, har ta kai a ƙarshen shekarun 1930 aka gina sabon gari a Anchau ta lardin Zariya aka sa masa suna Takalafiya. Babu mai musun cewa wannan aiki ya ceci rayuka masu yawa. Sai dai likitan nan ɗan Kanada, Jacques Pépin, da wasu masu bincike sun nuna cewa a wasu yankunan Kamaru da Afirka ta Tsakiya, tsofaffin da aka yi wa allurai a wancan zamani sun fi kowa ɗauke da ciwon hanta nau'in C. Allurar da ta kori wata cuta ita ta dasa wata.

Wani lokacin ɓarnar ba ta jiran shekaru. A watan Nuwamba na 1954, a ƙauyen Gribi kusa da Yokaduma a gabashin Kamaru, ayarin ma'aikata ya yi wa jama'a allurar Lomidine, wadda aka ce tana kare mutum daga ciwon barci. Ƙwayoyin cuta sun gurɓata ruwan maganin. Cikin 'yan kwanaki wurin allurar ya kumbura ya fara ruɓewa a jikin mutane sama da 300, kuma 32 suka mutu. Wannan allura dole ce a lokacin, talaka ba shi da ikon cewa a'a.

A Masar, daga shekarun 1950 zuwa farkon 1980, an yi wa miliyoyin mazauna karkara allurar tsargiya da sirinjin gilashi da ba a tafasawa yadda ya kamata. Binciken da aka yi a 2008 ya nuna kusan mutum 15 cikin 100 na manyan ƙasar sun taɓa kamuwa da ciwon hanta nau'in C. A 1976, a asibitin mishan na Yambuku a ƙasar Zayar, sirinji biyar ake ba ma'aikata kowace safiya su yi wa duk masu zuwa allura. A nan cutar Ebola ta fara bayyana ga duniya, ta kama mutum 318, ta kashe 280. A 1989, a wasu asibitoci biyu na jihar Imo a Najeriya, zazzaɓin Lassa ya bi ta allurar da ake maimaitawa ya kama mutum 34, ya kashe 22, har da likitoci da ma'aikatan jinya.

A duk waɗannan babu abin da aka janye, domin babu abin janyewa. Sirinjin lafiyarsa ƙalau, ƙarancinsa ne da yadda ake sarrafa shi suka yi kisa. Aka zaci zuwan sirinjin roba na amfani sau ɗaya, wanda ya fara yaɗuwa a shekarun 1960, zai kawo ƙarshen matsalar. Sai talauci ya sa ana wanke na robar ma, alhali shi ba ya jure tafasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2000 kaɗai, allurai marasa tsabta sun jawo wa mutum miliyan 21 ciwon hanta nau'in B, miliyan 2 nau'in C, da 260,000 cutar ƙanjamau.

Nijar, 1995

Idan ana neman janyewa ta gaske da ta faru a yankin nan namu, sai a je Nijar a bazarar 1995. Sanƙarau ta ɓarke daga watan Fabrairu zuwa Mayu, aka lissafa mutum 41,000 da suka kamu. Duk wanda ya tashi a ƙasashen nan ya san lokacinta: iska ta bushe, ƙura ta tashi, zafi ya sauko, sai a ji yaro ya kwanta da zazzaɓi wuyansa ya sanƙare. Gwamnati ta tashi gangamin rigakafi, ta nemi taimako. A watan Maris gudunmawa ta zo daga Najeriya: allurar rigakafi ta mutum 88,000, ɗauke da sunayen manyan kamfanoni biyu na Turai, Pasteur Mérieux da SmithKline Beecham. Kyautar maƙwabci ce a lokacin tsanani, wa zai tsaya duba haƙoranta?

Ma'aikatan ƙungiyar likitocin na-gari-na-kowa, wato MSF, waɗanda ke aiki tare da jami'an lafiya na Nijar, su ne suka lura cewa kamannin maganin ba irin wanda suka saba gani ba ne. Ba su yi shiru ba, suka tambaya. Kamfanin Pasteur Mérieux ya buɗe littattafansa, ya tarar lambobin rukuni da ranakun ƙarewar aiki da ke jikin kwalaben ba su dace da abin da ya ƙera ba. Aka kai ɗakin gwaji, ba a samu ko ɗigon sinadarin rigakafi a ciki ba. Kwalba da takardar jikinta kuwa an kwaikwaye su tamkar na gaske.

Nan aka shiga bin sawu. Da lambar rukuni aka gano kusan 28,000 aka lalata su. Sauran fa? An ƙiyasta cewa mutum kusan 60,000 an riga an yi musu allurar jabun, daga cikin miliyan 5 da aka yi wa rigakafi a gangamin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha ambata adadin mutum 2,500 a matsayin waɗanda suka rasa rayukansu sanadiyyar haka.

A tsaya a dubi lissafin nan da kyau. Kashi ɗaya cikin uku aka kamo, kashi biyu sun riga sun shiga jikin mutane. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, to allura ma haka take, in ta shiga ba ta dawowa. Mota mai matsalar birki ana iya mayar da ita gareji, sirinjin da aka tsira wa yaro kuwa sai dai a kirga. Kuma muguntar jabun rigakafi ta fi ta guba ɓoyuwa. Uwa ta ɗauki ɗanta ta yi tafiya, ta bi layi cikin rana, ta ga an yi masa allura da idonta, ta koma gida hankalinta kwance. Ran da zazzaɓi ya kama shi ba za ta yi saurin kawo sanƙarau a ranta ba, tunda ai an yi masa rigakafi. Jinkirin kwana ɗaya kuwa a wannan cuta yana iya zama ajali.

Abu biyu suka hana ɓarnar kaiwa 88,000. Na farko idon ma'aikacin da ya san yadda maganin gaske yake, ya kuma yi ƙarfin halin faɗa, duk da cewa kayan sun zo ne da sunan kyautar wata ƙasa. Na biyu lambar rukuni, tare da sa'ar cewa kayan suna hannun hukuma, an san rumbunan da aka kai su. Da a kasuwa aka watsa su, da ko 28,000 ɗin ba a gani ba. Pasteur Mérieux ya shigar da ƙara a kan jabun. Kasuwar kuwa ba ta mutu ba: a 2015, da 2017, da 2019, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake fitar da sanarwa a kan jabun rigakafin sanƙarau da aka gano a Nijar. Duk inda annoba ta haɗu da ƙarancin magani, mai jabu yana nan yana jira.

Kano, 1996, da abin da ya biyo baya

Shekara guda bayan haka annobar ta sauka a Arewacin Najeriya da ƙarfin da ba a taɓa gani ba, ta kama mutum sama da 100,000, ta kashe sama da 11,000. A tsakiyar wannan tashin hankali ma'aikatan kamfanin Pfizer na Amurka suka sauka a Asibitin Zana na Kano, suka gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara 200 aka saka a gwajin, rabi aka ba su sabon maganin, rabi aka yi musu allurar wani sanannen magani a kan adadin da bai kai wanda aka saba bayarwa ba. Yara 11 suka mutu, wasu suka tashi da nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce sanƙarau ce ta yi kisan, kuma bai amsa laifi ba har lokacin da ya sasanta da gwamnatin jihar Kano a 2009 a kan dala miliyan 75.

Ga inda labarin ya haɗu da zancenmu. A 1999, da aka samu rahotannin lalacewar hanta a jikin manyan da suka sha Trovan, Tarayyar Turai ta dakatar da shi, Amurka ta taƙaita amfani da shi ƙwarai. Can tsarin ya yi aikinsa: likita ya kai rahoto, hukuma ta tattara, aka ɗauki mataki. Iyayen yaran Kano kuwa sai a ƙarshen shekarar 2000 duniya ta ji labarinsu, bayan jaridar Washington Post ta tono shi, kuma sai a 2011 aka fara biyan iyalai na farko diyya.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 2003, da jita-jita ta bazu cewa an gurɓata rigakafin shan inna, labarin Trovan yana cikin hujjojin da mutane ke kawowa. Kano ta dakatar da rigakafin har zuwa watan Yuli na 2004, lokacin da ta amince da wanda aka kawo daga Indonesiya. Kafin nan cutar ta tsallaka iyakoki zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita. Chadi na cikinsu, kuma ta daɗe tana fama, har a 2011 aka lissafa yara 132 da cutar ta kama a ƙasar. Yaron da ƙafarsa ta shanye a Chadi bai san Asibitin Zana ba, amma ya biya wani kaso na bashin amanar da aka ci a can.

Abin da Chadi ta gani da idonta

Tarihin nan ba duka ne baƙi ba. A 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da asusun kula da yawan jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya suka yanke cewa kafin ƙarshen 2003 a daina yin rigakafi da kowane irin sirinji sai mai kulle kansa, wanda in an tura maganin sau ɗaya sandarsa ta maƙale ba ta sake jawuwa. Aka kuma sa doka cewa rigakafi ya riƙa tafiya tare da sirinjinsa da kwalin zuba wanda aka gama da shi. Ƙiyasin 2010 ya nuna masu kamuwa da ciwon hanta nau'in B ta hanyar allura sun sauko zuwa kusan miliyan 1.7, masu kamuwa da ƙanjamau kuma ba su wuce 34,000 ba.

Da irin wannan sirinji aka yi gangamin watan Disamba na 2011, lokacin da aka kawo sabon rigakafin sanƙarau mai suna MenAfriVac, wanda kamfanin Serum na Indiya ya ƙera musamman domin ƙasashen Sahel a kan ƙasa da rabin dala. Mutum kusan miliyan 1.8 'yan shekara 1 zuwa 29 aka yi wa a Injamena da Shari-Bagirmi da Mayo-Kebbi ta Gabas. Matasan Mursal na wannan zamani da yawa suna cikinsu. Da bazarar 2012 ta zo, sanƙarau ta ragu da kashi 94 cikin 100 a yankunan nan uku idan aka kwatanta da inda ba a kai ga yi ba.

A watan Disamba na 2012 kuma sai ga labari daga Guro, can arewacin ƙasar. Gomman yara sun kamu da ciwon kai da jijjiga bayan an yi musu wannan rigakafi. Aka kwaso su zuwa asibitocin Injamena, aka wuce da wasu Tunisiya. Hankalin iyaye ya tashi, labari ya zagaya duniya cewa rigakafi ya nakasa yara. Ƙwararru daga ciki da wajen ƙasar suka bincika, ba su samu aibi a maganin ba, yaran kuma suka warke. Abin lura a nan shi ne an iya yin binciken ne domin an san wane magani aka yi wa wane yaro. Rajistar da ke tona asirin jabu ita ce kuma ke wanke na gaske. Inda babu ita, jita-jita ce ke yanke hukunci, kuma hukuncinta kan faɗa a kan wanda bai ji ba bai gani ba. A Bengazi ta Libiya, da yara sama da 400 suka kamu da ƙanjamau a wani asibiti a 1998, ma'aikatan jinya biyar 'yan Bulgeriya da wani likita Bafalasɗine aka yanke wa hukuncin kisa, alhali masana sun nuna rashin tsabtar kayan aiki ne, kuma cutar ta fara yaɗuwa tun kafin zuwansu. Sai a watan Yuli na 2007 aka sake su.

Daga Sabon Gari zuwa Dembe

Asibitocin gwamnati a Chadi suna samun kaya ne ta hannun babbar cibiyar sayen magunguna ta ƙasa da ke Injamena, wadda ake kira CPA. Wannan hanya tana da takardu, ana iya bin ta. Amma akwai hanya ta biyu da kowa ya sani, tsohuwar hanyar fatake: daga Kano zuwa Maiduguri, zuwa Gamboru, a ƙetara Fotokol, a iso Kusuri, a haye kogi. A wannan hanya kwali yakan fashe tun kafin ya iso. Mai sari ya sayar da rabi, mai shago ya sayi hamsin, mai talla ya sayi goma, har ya kai hannun waɗanda mutanen Injamena ke kira dokta Shuku, masu sayar da magani a bakin titi, wasunsu har allura suke yi. A kowane mataki kaya suna ƙara nisa da kwalinsu, kuma babu mai rubuta wa ya sayar wa wa. Neman gurɓataccen sirinji a nan ya zama neman allura cikin ruwa.

Zagin masu wannan sana'a ba ya gyara komai. A asibitocinmu da yawa majiyyaci ake ba takarda ya fita ya sayo sirinji da safar hannu da ruwan ƙari da kansa, kuma mai ɗari biyar a aljihu inda kuɗinsa za su isa yake nufa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin kowane goma na magunguna a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi jabu ne ko marar inganci.

Najeriya ta ɗanɗana kuɗarta kafin ta motsa. A 1990 ruwan farasitamol mai guba ya kashe yara 109 a Jos da Ibadan. A 1993 aka kafa hukumar NAFDAC, wadda ta yi suna a zamanin Dora Akunyili daga 2001 zuwa 2008, matar da aka kai wa hari da bindiga saboda yaƙinta da masu jabu. Duk da haka a 2008 maganin haƙoran yara mai suna My Pikin ya kashe yara 84. A watan Fabrairu na 2024 hukumomi suka rufe shagunan magani sama da 1,000 a Kano, suka matsa wa 'yan kasuwar Sabon Gari su koma sabuwar cibiyar sari da ke Dangwauro. 'Yan kasuwa sun koka, kuma kukansu na tsadar haya da nisa abin saurare ne. Amma manufar a fili take: a tara sari a wuri ɗaya inda za a iya rubuta shigar kaya da fitarsu. Duk abin da aka gyara a Kano, mai saye a Maraɗi da Mursal zai amfana da shi ko da bai sani ba.

Gambiya ta nuna yadda janyewa take kasancewa a inda babu rajista. A 2022, da ruwan maganin tari na wani kamfanin Indiya mai suna Maiden ya lalata ƙodar yara kusan 70 suka mutu, sai da ma'aikatan lafiya da 'yan agajin Red Cross suka bi gida-gida suna karɓar kwalabe. Aikin da takarda ɗaya za ta yi a wata ƙasa, a nan sai da aka yi shi da ƙafa. Kuma Gambiya ƙasa ce ƙarama, faɗin Chadi ya ninka nata sau fiye da 100.

Kammalawa

A matakin nahiya an fara gini. Yarjejeniyar kafa Hukumar Magunguna ta Afirka ta fara aiki a watan Nuwamba na 2021, Chadi da Nijar suna cikin ƙasashen da suka fara amincewa da ita, an kuma zaɓi Kigali ta zama mazauninta. Amma sanarwar da aka rubuta da Turanci ko Faransanci aka liƙa a intanet ba ta isa kunnen mai shago a Dembe ba. Ya kamata duk sanarwar janye magani ko kayan allura a karanta ta a gidajen rediyo da Larabcin Chadi da Hausa da Ngambai, a faɗi sunan kayan da lambarsu, a maimaita kamar yadda ake maimaita sanarwar ɓatan yaro. Ya kamata kuma a tilasta wa masu sari rubuta lambar rukuni a rasit, domin wannan ba ya buƙatar kwamfuta, biro da littafi sun isa. Kayan agaji ma a buɗe su a duba a rubuta, ko daga wa suka fito.

Mu kuma masu zuwa asibiti muna da namu. A tabbata an yage ledar sirinji a gabanmu. A duba ko ledar ta huje ko ta jiƙe, a duba ranar ƙarewar aiki. In an yi wa yaro rigakafi a karɓi katinsa a adana, kwalin maganin da aka sayo kuma kada a yar da shi sai an gama jinya. In ƙwaya za ta yi aiki, kada a matsa wa likita sai ya rubuta allura, domin yawancinmu mun ɗauka maganin da bai huda fata ba bai kai magani ba, kuma kowace allura marar dalili ƙofa ce da aka buɗe wa cuta. Ma'aikacin lafiyar da ya ga ruwan magani ya canza launi ko sirinji yana yoyo, ya ajiye shi gefe ya kai rahoto. Allurai 28,000 da ba su shiga jikin kowa ba a Nijar a 1995, daga irin wannan tsayawar aka fara cetonsu. Allah Ya ƙara mana lafiya.